Ɗan Haya da Maigida a Gaban Dokar Ghana

Barka da wannan lokaci ga masu sauraro na Kete Krachi da ƙauyukan bakin tafkin Volta, da na Salaga, da Yendi, da Bawku. Shirin faɗakarwa na yau zai duba dokar hayar gidajen zama a ƙasar Ghana, da sauye-sauyen da aka yi mata tun zamanin Turawa, da waɗanda aka ɗaura niyyar yi amma suka tsaya a hanya, sannan ya auna irin kariyar da wannan doka take bai wa mutumin da yake kwana da iyalinsa a ɗakin da ba nasa ba.

Lamarin ya shafi jama'a masu yawan gaske. Ƙidayar mutane da gidaje ta shekarar 2021 ta nuna cewa al'ummar Ghana ta kai miliyan 30.8, kuma kimanin magidanci ɗaya cikin uku a gidan haya yake zaune, a birane ma adadin ya kusan kai rabi, yayin da gwamnati ta ƙiyasta cewa ƙasar tana da ƙarancin gidaje kimanin miliyan 1.8. A garuruwan nan huɗu, 'yan haya su ne malaman makaranta da ma'aikatan jinya da 'yan sanda waɗanda gwamnati take turowa daga wasu jihohi, da matasa masu hidimar ƙasa ta shekara guda, da ɗalibai irin na makarantun koyon jinya da ungozomanci da ke Kete Krachi da Kpembe, da 'yan kasuwar doya da kifi da albasa da shanu, da kuma sababbin ma'aurata waɗanda gidan gado ya yi wa kaɗan. Mafi yawansu ɗaki guda ko ciki da falo suke kamawa a babban gida mai tsakar gida ɗaya, inda ake tarayya a banɗaki da madafa da mitar wuta, kuma daga wannan tarayya ne husumar haya da yawa take tasowa.

Saukar baƙo a gidan wani daɗaɗɗen abu ne a zangunan waɗannan garuruwa, ya kuma riga dokar gwamnati da nisa. A ƙarni na 19, lokacin da Salaga take babbar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja, ayarin fataken da suka taso daga Kano ko Katsina ko Sakkwato suna sauka ne a hannun maigida, wato attajirin zango wanda yake bai wa baƙo masauki da abinci, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da masu saye, ya kuma tsaya masa idan ciniki ya kai ga bashi. Baƙon ba ya biyan kuɗin ɗaki wata-wata, domin ribar maigida tana cikin la'adar da ake cirewa daga cinikin, abin da kuma ke riƙe da wannan hulɗa shi ne suna, tun da maigidan da ya ci amanar falke ɗaya bana ya rasa ayarin baɗi. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, 'yan kasuwa da malamai da yawa sun watse zuwa Yeji da Kintampo da Kete, zangon Hausawan da ke gefen garin Krachi, inda Jamusawa suka kafa barikinsu a 1894, kuma duk inda suka sauka sun kafa irin wannan tsari. Abin da aka gada daga can shi ne cewa har yau ɗan haya a zango yana kallon mai gidan da yake ciki da idon uba, shi ake fara gaya wa idan an haihu, shi ake gabatarwa a shaidar aure. Wannan gado yana da alheri, domin uba yakan yi haƙuri idan albashi ya yi jinkiri, yana kuma da illa, domin kunya tana hana ɗa ya ce wa ubansa ya rubuta masa rasit.

Kete Krachi tana da nata tarihin muhalli wanda sauran garuruwan ba su da shi. Da aka kammala madatsar ruwa ta Akosombo a 1965, tafkin da ya taru a bayanta ya cinye tsohon garin, aka kwashe mutane kimanin 80,000 daga ƙauyuka fiye da 700 zuwa sababbin matsugunai 52 a ƙarƙashin Hukumar Kogin Volta. Gidan da aka bai wa kowane magidanci ɗaki guda ne kammalalle, tare da ginshiƙai da rufin da za a iya ƙara wasu ɗakuna a ƙarƙashinsa, aka bar wa mai gidan ya ƙarasa da guminsa, ko da kuwa ɗakuna nawa ruwa ya ci masa a tsohon gari. Gidan da yake girma ɗaki bayan ɗaki, gwargwadon yadda kuɗi ya shigo, shi ne har yau tsarin gini a wannan gari, haka ma a zangunan Salaga da Yendi da Bawku, inda da wuya a sami mai gidan da banki ya ba shi rancen gini. Duk wanda yake son ya gane dalilin da ya sa mai gida yake nacewa a kan kuɗin shekara biyu a dunƙule, to ya riƙe wannan, domin sau da yawa kuɗin nan shi ne bulo da siminti da kwanon ɗaki na gaba.

Gwamnati ta fara sa hannu a farashin haya ne a 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da tsadar ɗakuna ta addabi ma'aikata a biranen kudu. A 1952 aka yi dokar ƙayyade haya, a 1963 kuma, zamanin mulkin Kwame Nkrumah, majalisa ta maye gurbinta da Dokar Haya mai lamba 220, wadda ƙa'idojin aiwatar da ita suka fito a 1964. Wannan doka, da ta haura shekara sittin, ita ce ginshiƙin shari'ar haya a Ghana. Ita ta tanadi jami'an haya waɗanda suke aiki a sashen da jama'a suka sani da Rent Control, a ƙarƙashin ma'aikatar ayyuka da gidaje, ta kuma ba majistare na kotun gunduma ikon yanke hukunci a kan rigimar haya. Aikin jami'in haya shi ne ya binciki ƙorafin kowane ɓangare, ya ƙiyasta kuɗin da ya dace da gida idan mai gida ko ɗan haya ya nemi hakan, yana la'akari da darajar fili da ginin da kuɗin gyara da abin da ake biya a gidaje makamantansa, sannan ya kai batun gaban majistare idan ya ga an karya doka. Dokar ba ta shafi gidan gwamnati da ma'aikaci yake ciki saboda aikinsa ba, haka nan ba ta shafi hayar filin da babu gini a kansa ba, wanda shi yana ƙarƙashin dokokin filaye da ikon sarakuna irin su Krachiwura da Kpembewura da Ya-Na.

Sashen dokar da aka fi ambata, aka kuma fi takawa, shi ne sashe na 25, wanda ya yi magana a kan adibas, wato kuɗin hayar da ake biya tun kafin a zauna watannin. Idan hayar ta wata-wata ce, ko ƙasa da haka, mai gida ba shi da ikon neman fiye da kuɗin wata guda a gaba, idan kuma wa'adinta ya wuce wata shida, iyakar abin da zai nema shi ne kuɗin wata shida. Wanda ya nemi fiye da haka ya aikata laifi, kuma kotu tana iya cin sa tarar da ta kai ma'aunin tara 500, wanda a lissafin sidi 12 kowane ma'auni ya kama sidi 6,000, ko ta ɗaure shi har shekara biyu. Wannan sashe ya taɓa dillali ma, domin ya hana shi karɓar la'adar da ta wuce kashi 5 cikin ɗari na kuɗin hayar shekara guda, alhali a manyan birane kashi 10 ne ya zama ruwan dare, ban da kuɗin da ake karɓa kafin a kai mutum ya ga ɗakin. Dokar dillancin gidaje da filaye ta 2020, mai lamba 1047, ta zo da sharaɗin cewa sai da lasisi ake wannan sana'a. Haka kuma dokar haya ta wajabta wa mai gida ya bayar da rasit a kan duk kuɗin da ya karɓa, ya kuma ba ɗan hayar wata-wata katin haya cikin kwana bakwai da shigarsa, mai ɗauke da sunayensu biyu da adadin kuɗin.

Sashe na 17 shi ne garkuwar ɗan haya mafi ƙarfi, domin ya ɗauke ikon fitar da mutum daga hannun mai gida ya damƙa shi ga kotu, ita ma kotun ba za ta ba da umarnin tashi ba sai da ɗaya daga cikin dalilan da aka zayyana. Daga cikinsu akwai rashin biyan haya har wata guda ya wuce bayan ranar biya, da saɓa wani sharaɗi na yarjejeniya, da takura wa maƙwabta, da mayar da ɗakin wurin aikata laifi, da lalata ginin. Akwai kuma dalilan da ba laifin ɗan haya ba ne, kamar idan mai gida yana buƙatar wurin da gaske don zaman kansa ko na iyalinsa, ko yana son ya rushe ya sake gini, wanda a nan sai ya ba da sanarwa a rubuce ta wata shida bayan wa'adin haya ya ƙare. Ƙarewar wa'adi ita kaɗai ba ta mayar da ɗan haya mai kutse ba, domin doka tana ɗaukar sa a matsayin wanda ita ce ta zaunar da shi, yana biya wata-wata bisa tsofaffin sharuɗɗa har sai kotu ta yi hukunci. Sashe na 27 kuwa ya mai da duk wani yunƙuri na tilasta wa mutum tashi laifi, kuma a ƙarƙashinsa ne cire kwanon ɗaki da damina, da sa wa ƙofa kwaɗo, da yanke wuta ko ruwa da gangan suke faɗawa. Wanda ya yaye rufin ɗakin da mace da 'ya'yanta suke ciki don bashin wata uku ya zalunce su, ya kuma mai da kansa mai laifi a gaban doka alhali da farko shi ne mai gaskiya.

Dokar ba ta bar ɗan haya sakaka ba. Wajibi ne ya biya a kan lokaci, ya kula da wurin, kuma idan hayarsa ta wata-wata ce ba shi da ikon sa wani a ɗakin ya karɓi kuɗi sai da rubutaccen izinin mai gida.

Tambayar da mai sauraro zai yi ita ce yadda aka yi doka ta ce wata shida amma kowa yake biyan shekara ɗaya ko biyu. Amsar tana cikin abin da ya faru tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da tsakiyar 1980. A 1977 da 1981 da 1983 hauhawar farashi ya haura kashi 100 cikin ɗari, a 1983 ɗin kuma Nijeriya ta koro 'yan Ghana kimanin miliyan guda waɗanda dukansu suke neman wurin kwana. Gwamnatocin soja na Jerry John Rawlings sun amsa da ƙayyade kuɗin ɗaki da ƙarfin doka, a 1979, da 1982, sannan da Dokar Ƙayyade Haya ta 1986 mai lamba 138, wadda ta yanke farashin ɗaki gwargwadon abin da aka gina shi da shi, ta kafa kwamitocin haya a gundumomi, ta kuma wajabta rajistar yarjejeniyar haya. Niyyar ta tausaya wa talaka ce, amma farashin siminti ya ci gaba da hawa alhali kuɗin ɗaki yana daskare. Binciken da Stephen Malpezzi da Graham Tipple da Kenneth Willis suka yi a Kumasi, wanda Bankin Duniya ya buga a 1990, ya nuna cewa haya ta koma ɗan kaso ƙalilan na abin da iyali suke kashewa, yayin da cunkoso ya yi tsanani, iyalai da yawa suna cushe a ɗaki guda. Masu gidaje da suka ga kuɗin wata ba ya sayen komai sai suka koma neman na watanni masu yawa a dunƙule, kuma ko da ƙayyade farashin ya mutu a aikace, al'adar adibas ta zauna daram.

Abubuwan da suka raya wannan al'ada sun ci gaba har zuwa 'yan shekarun nan. A watan Disambar 2022 hauhawar farashi ya kai kashi 54.1 cikin ɗari, a 2023 kuma Babban Bankin Ghana ya kai kuɗin ruwansa kashi 30, saboda haka mai gidan da ya karɓi sidi a yau ya sayi siminti ya fi wanda zai jira ya karɓa wata-wata tsira da dukiyarsa. A ɗaya gefen, malamar makarantar da aka turo Yendi ko Kete Krachi a karon farko tana iya shafe watanni kafin albashinta ya fara fitowa, amma sai ta nemo kuɗin shekara biyu kafin a miƙa mata mabuɗi, abin da yake jefa matasa da yawa cikin bashi mai ruwa tun ranar farko ta aiki.

Yunƙurin sauya dokar ya ɗauki shekaru ana magana. A watan Nuwambar 2022 majalisar ministocin Shugaba Nana Akufo-Addo ta amince da sabon ƙudurin dokar haya, wanda ministan ayyuka da gidaje na lokacin, Francis Asenso-Boakye, ya jagoranta. Babban sauyin da ke cikinsa shi ne ɗaga iyakar adibas zuwa shekara guda ga hayar da wa'adinta ya wuce shekara, tare da barin wata guda ga hayar wata-wata, da kuma shirin mai da sashen kula da haya hukuma mai ƙarin iko. An kai ƙudurin gaban majalisar dokoki, amma majalisa ta takwas ta cika wa'adinta a watan Janairun 2025 ba tare da ta zartar da shi ba. Abin da ya tabbata a aikace shi ne shirin tallafin haya na ƙasa, wanda Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Mahamudu Bawumia, ya ƙaddamar a ranar 31 ga Janairun 2023 da jarin sidi miliyan 30, inda shirin yake biyan mai gida adibas kai tsaye, ɗan haya kuma ya riƙa mayarwa wata-wata. An fara shi ne a jihohi shida, wato Greater Accra, Ashanti, Yamma, Gabas, Bono ta Gabas da Arewa, ma'ana Yendi ce kaɗai daga cikin garuruwan nan huɗu take cikin jihohin da aka fara da su, domin Kete Krachi tana jihar Oti, Salaga tana Savannah, Bawku kuma tana Upper East. Shirin yana neman katin ɗan ƙasa da shaidar aiki da ta samun kuɗi, sharaɗin da mai albashi yake cikawa cikin sauƙi amma yake wahalar da masunci da mai sayar da doya a tasha. A 2024 kuma aka buɗe shafin intanet na sashen kula da haya domin rajistar gidaje da shigar da ƙorafi.

Ɗaga iyakar zuwa shekara guda yana da hujja, domin dokar da kowa yake takawa a bainar jama'a tana zubar da mutuncin sauran dokoki, kuma shekara guda ta fi kusa da abin da masu gidaje za su iya yarda da shi. Sai dai abin da ya hana wata shida aiki zai hana wata goma sha biyu, muddin ɗakuna sun yi kaɗan kuma ɗan hayar da ya kai ƙara ya san cewa ɗakin ya kuɓuce masa, a ƙaramin gari ma labarinsa zai riga shi isa wurin kowane mai gida. Jihar Legas ta Nijeriya ta gwada wata hanya a dokarta ta 2011, inda ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara guda daga sabon ɗan haya, ta kuma ɗora laifin a kan mai karɓa da mai biya baki ɗaya, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata uku. Wannan ya ƙara rufe bakin ɗan haya, tun da ba mai kai kansa ƙara. Dokar Ghana ta fi adalci a nan da ta tsaya a kan mai nema. Rauninta yana wani wuri, wato nisa. Ƙasar tana da gundumomi da ƙananan hukumomin birane 261, ofisoshin haya kuwa ba su kai ko kusa da haka ba, kuma sun fi taruwa a manyan birane. Mutumin da zai hau jirgin fito ya ƙetare tafki, ko ya yini a mota, don ya yi ƙorafi a kan ɗakin da kuɗinsa na wata bai kai kuɗin tafiyar ba, zai haƙura ne. Duk gyaran dokar da bai kawo jami'in haya kusa da Oti da Savannah da gabashin jihar Arewa ba, mutanen Accra da Kumasi aka yi wa shi.

Kafin wannan gyara ya iso, kariyar da take hannun ɗan haya da mai gida a yau ita ce takarda, kuma rubuta yarjejeniya ba baƙon abu ba ne da aka aro daga Turawa. Alhaji Umaru, limamin Kete Krachi, wanda aka haifa a Kano wajajen 1858, ya zauna a Salaga, ya rasu a Kete Krachi a 1934, ban da waƙoƙinsa na Larabci da Hausa ya wallafa littafi a kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa, domin malamai da fatake na zamaninsa da takarda suke hulɗa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kuma kafa shaidu, adibas kuwa bashi ne a wuyan mai gida har sai an zauna watannin. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan waɗannan zanguna sun shardanta cewa a san kuɗin haya a kuma san wa'adinta, Risala ta Ibn Abi Zaid ma ta bayyana cewa idan gidan ya rushe kafin wa'adi ya cika, hayar sauran lokacin ta warware. Ɗan hayar da ya nemi rasit bai zargi kowa ba, kuma limamai da sarakunan zango za su yi babban aiki idan suka riƙa faɗin haka a masallaci da wurin suna, har kunyar ta kau.

Takardar ba ta buƙatar lauya ko doguwar Turanci. Abin da ake so ta ƙunsa shi ne sunayen ɓangarorin biyu da bayanin ɗakin, da kuɗin wata da jimillar abin da aka biya a gaba, da ranar shiga da ranar ƙarewa, sannan a sa hannu ko a dangwala yatsa a gaban shaidu, kowa ya riƙe kwafinsa. Ya kamata ta faɗi yadda za a raba kuɗin wuta da ruwa da na kwashe masai, domin rabon kuɗin mita ɗaya tsakanin mai firji da mai ƙwan fitila guda yana raba maƙwabta fiye da kuɗin hayar kansa. Akwai kuma wani abu da ya yawaita a gidajen da ba a ƙarasa ba, inda ɗan haya yake sa ƙofa da taga ko ya yi daɓen siminti da kuɗinsa bisa alkawarin za a cire masa a haya. Irin wannan alkawari idan ba a rubuta adadinsa da watannin da ya tsaya a madadinsu ba, shekara biyu ta isa kowa ya tuna shi yadda ya fi masa daɗi. Wanda ya biya ta waya ya adana saƙon shaidar biyan, ya kuma nemi rasit a kansa. Wasu masu gidaje suna guje wa takarda ne don tsoron harajin haya, wanda yake kashi 8 cikin ɗari a gidajen zama, amma mai gidan da ba shi da takarda shi ma yana shan wahala ranar da zai tabbatar wa kotu bashin da yake bi.

Bawku ta fito da wata matsala da ya kamata kowace yarjejeniya ta yi mata tanadi. Rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi, wanda ya sake ɓarkewa a ƙarshen 2021, ya jawo dokar hana fita da asarar rayuka, ya kuma sa malamai da ma'aikatan lafiya da 'yan kasuwa da dama barin garin ko sauya unguwa. Mutanen Yendi da Salaga da yankin Krachi sun ga irin wannan ƙaura a rikicin ƙabilanci na 1994. Wanda ya biya shekara biyu ya zauna wata biyar sannan ya gudu da ransa ya bar kuɗi mai yawa a baya, mai gidan kuwa ya riga ya zuba shi a gini, kuma a garin da mutane suke fita babu sabon ɗan hayar da zai shigo. Abin da aka saba shi ne mai gida ya ce zai mayar da ragowar idan wani ya kama ɗakin, alkawarin da ba shi da rana. Adalci shi ne a rubuta tun farko cewa idan canjin wurin aiki ko rashin tsaro ya tilasta tashi, za a mayar da kuɗin watannin da ba a zauna ba cikin ƙayyadadden lokaci, ko a bar ɗan haya ya kawo wanda zai ƙarasa wa'adinsa da yardar mai gida. Wannan haɗari shi kansa hujja ce ga gajeren adibas, domin gwargwadon tsawonsa gwargwadon asarar da za a raba.

Idan saɓani ya taso, ƙofar farko a zango ita ce ta sarkin zango ko liman ko wakilin unguwa a majalisar gunduma, kuma doka ta san da wannan hanya. Dokar sasanci ta 2010, mai lamba 798, ta amince da sulhun gargajiya idan ɓangarorin biyu sun je da yardarsu, ta mai da hukuncinsa abin da ya hau kansu, ta kuma ba da damar a yi masa rajista a kotu domin a iya zartar da shi, don haka yana da kyau a rubuta abin da dattawa suka yanke. Idan sulhu ya gagara sai jami'in haya ko kotun gunduma, wanda kuma ba shi da halin ɗaukar lauya yana iya neman Hukumar Tallafin Shari'a, wadda dokar 2018 ta sake wa tsari. Bashin haya ba aikin 'yan sanda ba ne, amma fasa ƙofa da watsar da kaya da duka aikinsu ne.

Saura batun rasuwa, wanda yake yawan tasowa a gidajen gado. Idan mai gida ya rasu ko ya sayar da gidan, hayar ba ta faɗi ba, domin magada ko mai saye suna shiga matsayinsa ne da duk abin da ke kansa, har da watannin da aka riga aka biya shi. Haka nan fiƙihun Malikiyya bai ɗauki rasuwar mazaunin gida a matsayin abin da yake warware haya ba, don haka ba daidai ba ne a matsa wa matar mamaci da marayunta su tashi alhali kuɗin mijinta yana gaba. Masu rabon gado a zango suna da alhakin tambayar kowane ɗan haya abin da ya biya da ranar da wa'adinsa zai cika, su sa shi cikin lissafin basussukan mamaci kafin a raba ɗakuna, kuma abin da za su nema a gani shi ne rasit ko katin haya ko shaidu biyu da suka halarci biyan.

A nan shirin na yau ya tsaya.